KIWON LAFIYA: Ruwan Da Ake Ƙara Wa Majiyyaci Yana Da Mudu

Akwai wata al'ada da ta kafu a Yola da Jimeta, kamar yadda ta kafu a sauran manyan garuruwan ƙasar nan, watau ganin cewa ba a yi wa marar lafiya magani ba sai an rataya masa ledar ruwa. Mutum zai kai ɗan'uwansa asibiti, likita ya duba shi, ya rubuta ƙwayoyi ya sallame su, amma a kan hanyar komawa gida sai a ji dangi suna gunaguni, wai ko ruwa ba a ƙara masa ba. Wasu ma ba sa kaiwa ga asibitin. Mai kemis na unguwa za a kira, ya zo da leda biyu ko uku, a kafa ƙusa a bango a rataya. Da zarar zafin watan Maris da Afrilu ya kankama, sa'ad da ma'aunin zafi ke haura 40 a bakin kogin Binuwai, kasuwar ledar ruwa ta buɗe ke nan.

Ba a banza jama'a suka yarda da ledar nan ba. Duk wanda ya taɓa ganin mai amai da gudawa da aka shigo da shi ranga-ranga, idanu sun faɗa, fata ta yamutse, murya ta dushe, sa'an nan bayan awa biyu da ɗaura masa ruwa ya tashi zaune yana neman koko, ba zai sake raina ta ba. Sai dai ruwan da ke cikin ledojin nan ba iri ɗaya ba ne, kuma kowanne yana da inda ya dace da inda yake cutarwa. Babban abin da ya bambanta su shi ne yawan wani sinadari da ake kira kulorayid. Shekara fiye da goma ke nan likitocin da ke kula da masu ciwo mai tsanani suna bin diddigin wannan sinadari, domin an lura cewa waɗanda nasu ya hau ƙwarai a cikin jini, da waɗanda nasu ya faɗi ƙwarai, sun fi sauran mutuwa. Abin da aka gano ya shafi duk gidan da ke da majiyyaci a Asibitin Ƙwararru da ke Jimeta, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola, wanda a da ake kira Cibiyar Lafiya ta Tarayya.

Rabin Gishiri

Kulorayid ba baƙo ba ne a kowane madafi. Gishirin miya abu biyu ne a haɗe, sodiyum da kulorayid, kuma a cikin kowane giram 10 na gishiri kimanin giram 6 kulorayid ne. Kada a rikita shi da kulorin, hodar nan mai wari da ake zubawa a rijiya don kashe ƙwayoyin cuta. Asalinsu ɗaya, amma aikinsu daban.

Jinin mai lafiya yana ɗauke da kulorayid tsakanin 98 da 107 a kowace lita, bisa ma'aunin da ake kira milimol, ko da yake ɗakunan gwaji sukan ɗan bambanta a wajen inda suke sa iyaka. Shi da sodiyum ke riƙe ruwa a cikin jijiyoyi. Da shi tumbi ke haɗa ruwan tsamin da ke narkar da abinci. Aikinsa na uku kuwa, wanda ya fi shafar wannan magana, yana tare da wani sinadari mai suna bakabonet. Bakabonet ɗan'uwan kanwa ne, kuma aikin da kanwa ke yi a miyar yakuwa shi yake yi a cikin jini, watau kashe tsami. Shi da kulorayid kamar hannu biyu na sikeli suke, in ɗaya ya hau sai ɗayan ya sauka. Idan kulorayid ya yi yawa, bakabonet ya ragu, jini ya yi tsami. Idan ya yi kaɗan, bakabonet ya rinjaya, jini ya zama kamar miyar da kanwa ta yi wa yawa. Ƙoda ce mai riƙe da sikelin, tana zubar da rara a fitsari, tana tsare abin da jiki ke bukata. Mai lafiya ba ya ma sanin ana yi. Wanda ciwo ya kayar, ƙodarsa ta raunana, shi ne sikelin ke kuɓuce wa.

Ana auna kulorayid a cikin gwajin da aka saba kira gwajin ƙoda. A takardar sakamakon za a ga sodiyum, da fotasiyum, da bakabonet, da kulorayid, da wasu abubuwa biyu masu nuna ƙarfin ƙoda, yuriya da kiriyatinin. Shekara da shekaru idon masu duba takardar yakan tsaya a kan sodiyum da fotasiyum da kiriyatinin, ya tsallake kulorayid kamar ɗan rakiya.

Daga Kwalara Aka Faro

Tarihin ƙarin ruwa daga kwalara ya faro. A shekarar 1831, sa'ad da annobar ta shiga Ingila, wani matashin likita mai suna William O'Shaughnessy ya auna jinin masu cutar, ya tarar ruwa da gishiri da sinadarin kashe tsami duk sun tsiyaye daga cikinsa. Ya ba da shawarar a mayar da su ta jijiya. A 1832 wani likita a garin Leith na ƙasar Sikotland, Thomas Latta, ya gwada a jikin wata tsohuwa da ke bakin mutuwa. Ta farfaɗo har ta yi magana, amma da gudawar ta dawo ba a sake ƙara mata ba, ta rasu bayan 'yan awoyi. Wasu daga cikin waɗanda ya ƙara wa bayanta sun rayu. Da annobar ta wuce sai aka yi watsi da dabarar shekaru masu yawa.

A farkon shekarun 1880 wani malamin likita a Landan, Sydney Ringer, yana nazarin zuciyar kwaɗo, ya gane cewa ruwan gishiri zalla ba ya riƙe bugunta sai an haɗa da fotasiyum da kalsiyum. A 1932 wani likitan yara a Amurka, Alexis Hartmann, ya ƙara wa haɗin Ringer wani sinadari mai suna laktet, wanda hanta ke juyawa ya zama bakabonet, domin yaran da gudawa ta tsamar wa jini. Wannan haɗin shi ne ake kira ruwan Ringa ko ruwan Hatman a asibitocin ƙasar nan. Ruwan gishiri zalla kuwa, mai giram 9 a kowace lita, ya samu karɓuwa ne daga gwajin wani masani ɗan ƙasar Holan, Hartog Hamburger, wanda a ƙarshen ƙarni na 19 ya ga cewa jajayen ƙwayoyin jini ba sa fashewa a cikinsa. Shi ne ma'aikatan asibiti ke kira nomal salin, watau ruwan gishiri daidai da na jiki.

Leda Biyu

Sunan nan ya yaudari mutane da yawa, har da masu ilmin abin. Kulorayid ɗin da ke cikin nomal salin 154 ne a kowace lita, alhali kuwa na jini bai cika wuce 107 ba. Ke nan ya ɗara na jini da kusan rabi. Ruwan Ringa kuwa nasa wajen 109 ne, dab da na jini, ga kuma fotasiyum da laktet a ciki. A ido ledojin biyu ba su da bambanci, dukkansu garau suke kamar ruwan sama, sai an karanta rubutun da ke jikinsu.

Ledar da aka fi gani a ƙasar nan rabin lita ce. Leda biyu ta nomal salin giram 9 ke nan na gishiri, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada abin da baligi zai ci a rana ya kai giram 5. Wanda aka ƙara wa leda shida a wuni ɗaya an zuba masa gishirin fiye da kwana biyar kai tsaye a cikin jijiya, ba tare da ya bi ta baki ba balle harshe ya ce ya isa.

Hausawa suka ce ruwa ba ya tsami banza. Idan aka ɗura wa mutum nomal salin da yawa, kulorayid ya hau, bakabonet ya sauka, jini ya yi tsami, majiyyaci ya shiga numfashi da sauri domin jiki na ƙoƙarin fitar da tsamin ta huhu. Wanda bai lura ba sai ya ɗauka ciwon ne ke ƙaruwa, ya ƙara rataya wata ledar. Ƙoda ma tana jin jiki. Tun a 1983 wani mai bincike, Christopher Wilcox, ya nuna a jikin karnuka cewa yawan kulorayid yana tsuke jijiyoyin da ke kai jini ga ƙoda. A 2012 masu bincike a Notingham ta Ingila suka ƙara wa wasu lafiyayyun mutane lita biyu ta nomal salin, suka duba da na'ura, suka ga gudun jinin da ke shiga ƙodarsu ya ragu, abin da bai faru ba da aka ƙara musu ruwa mai kulorayid daidai da na jini. Lafiyayye zai fitsarar da abin ya huta. Tambayar ita ce me zai faru da wanda ke kwance rai a hannun Allah.

Abin Da Gwaje-gwaje Suka Nuna

A wani asibiti a Melbon ta Ostiraliya aka fara gwadawa a sashen kulawa ta musamman. Wata shida ana ƙara ruwa yadda aka saba, wata shida kuma aka taƙaita ruwa mai yawan kulorayid. Sakamakon da aka buga a 2012 ya nuna masu samun raunin ƙoda sun ragu daga kashi 14 cikin ɗari zuwa kashi 8.4, masu bukatar wankin ƙoda kuma daga kashi 10 zuwa 6.3. Labarin ya ja hankali ƙwarai, amma asibiti ɗaya ne, kuma abubuwa da yawa kan sauya tsakanin shekara da shekara. A 2015 aka sake gwadawa a Niyu Zilan a kan majiyyata fiye da 2,000, ba a ga wani bambanci ba, sai dai ruwan da aka ƙara wa yawancinsu bai taka kara ya karya ba.

A 2018 asibitin Jami'ar Vanderbilt a Amurka ya fitar da sakamakon majiyyata 15,802. Waɗanda suka mutu, ko suka kai ga wankin ƙoda, ko ƙodarsu ta kasa komawa daidai, kashi 14.3 ne cikin ɗari a tsakanin masu ruwa irin na Ringa, da kashi 15.4 a tsakanin masu nomal salin. Bambancin mutum ɗaya ne cikin ɗari. A ɗaki ɗaya ba za a gan shi ba, amma in aka tuna miliyoyin da ake ƙara wa ruwa kowace shekara, ba ƙaramin adadi ba ne. Tazarar ta fi faɗi a tsakanin waɗanda ƙwayoyin cuta suka mamaye musu jini. Bayan haka aka yi wasu manyan gwaje-gwaje biyu, ɗaya a Birazil a 2021 a kan mutum fiye da 10,000, ɗaya a Ostiraliya da Niyu Zilan a 2022 a kan mutum 5,037. A na farko waɗanda suka mutu cikin kwana 90 kashi 26.4 ne da 27.2, a na biyu kuma 21.8 da 22.0, watau kusan kunnen doki. Gwajin Birazil ya ƙara nuna wani abu dabam: masu rauni a ƙwaƙwalwa sun fi samun sauƙi da nomal salin, domin ruwan da gishirinsa bai kai ba yana iya ƙara kumbura ƙwaƙwalwar da ta bugu.

In aka tattara duka, nomal salin ba guba ba ne. Amma ga wanda za a ƙara wa lita da yawa, musamman mai cutar da ta shiga jini ko mai raunin ƙoda, ruwa irin na Ringa ya ɗan fi aminci. A kan haka ne ƙa'idojin duniya na kula da masu cutar da ta mamaye jini, waɗanda aka sabunta a 2021, suka ba da shawarar a fifita shi. Ga wanda ya faɗo daga babur a hanyar Numan ya fasa kai kuwa, nomal salin ne ya dace.

Ƙarancin kulorayid ma yana da nasa haɗarin. Mai yawan amai yana zubar da ruwan tsamin tumbi, kulorayid ya bi shi. Mai ciwon zuciya da ke shan ƙwayoyin sa fitsari don sace kumburi yana zubar da shi a fitsari, kuma bincike ya nuna cewa a tsakanin masu raunin zuciya, waɗanda kulorayid ɗinsu ya yi ƙasa sun fi saurin mutuwa. Jariri mai toshewar bakin tumbi, wanda ke feso nono bayan kowace shayarwa, sai an gyara masa kulorayid kafin a shiga da shi tiyata, kuma a nan nomal salin shi ne magani. Haɗari yana gefe biyu, lafiya tana tsakiya.

Masana ba su gama yarda ba a kan ko kulorayid ɗin da kansa ke kisa, ko kuwa hayaƙi ne mai nuna inda wuta take, domin wanda ciwonsa ya fi tsanani shi aka fi ɗura wa ruwa, shi kuma ƙodarsa ta fi gazawa. Ko wanne ne gaskiya, lambar tana da amfani ga likita. In sanadi ce, a gyara ta. In alama ce, ta nuna gadon da ya kamata a fi sa wa ido.

Darasi Daga Afirka

Yawancin gwaje-gwajen nan a ƙasashen da ke da na'urar taimakon numfashi da ta wankin ƙoda a gefen gado aka yi su. Waɗanda aka yi a Afirka sun koyar da wani darasi mai nauyi game da yawan ruwan kansa. A 2011 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a asibitocin Yuganda da Kenya da Tanzaniya a kan yara fiye da 3,000 masu zazzaɓi mai tsanani, da yawansu masu zazzaɓin cizon sauro. An ɗura wa wasu ruwa da sauri tun da isowarsu, kamar yadda ake koyarwa a lokacin, wasu kuma aka bi da su a hankali. Cikin awa 48, kashi 10.5 cikin ɗari na waɗanda aka ɗura wa nomal salin da sauri suka mutu, alhali kashi 7.3 ne suka mutu cikin waɗanda ba a ɗura wa ba. Dole aka tsayar da gwajin kafin lokacinsa. Yaran da ke fama da gudawa ba sa cikin wannan gwaji, domin su bukatarsu ga ruwa ba ta da shakka. A 2017 kuma wani gwaji a Lusaka ta Zambiya ya nuna manya masu cutar da ta shiga jini, waɗanda aka bi da su bisa tsarin gaggauta ruwa mai yawa, kashi 48 cikin ɗari suka mutu, sauran kuma kashi 33.

Wannan ya isa ya sa duk mai rataya wa yaro mai zazzaɓi leda a tsakar gida ya yi wa kansa faɗa. Ruwan da jiki bai rasa ba, in aka ɗura shi, yana iya taruwa a huhu.

Damina A Bakin Binuwai

Inda jiki ya rasa ruwa da gaske shi ne kwalara, kuma Adamawa ta san ta. Ta ɓarke a Mubi a 2018, ta ɓulla a Yola da Girei a 2019, ta sake dawowa Yola ta Arewa da maƙwabtanta a watan Satumba na 2024 bayan ambaliya. A 2021 kuwa ƙasar gaba ɗaya ta ƙirga fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 3,000 suka mutu. Duk shekarar da Binuwai ya cika ya tumbatsa, ko aka saki ruwan madatsar Lagdo daga Kamaru kamar yadda aka yi a 2012 da 2022, ruwa yakan haɗa masai da rijiya a unguwannin da ke kwari.

Kwalara ita kanta cutar kulorayid ce. Dafin ƙwayar cutar yana buɗe ƙofofin da kulorayid ke fita ta cikinsu a bangon hanji, ya hana su rufuwa. Kulorayid ya kwarara, sodiyum ya bi shi, ruwa ya bi su, sai ga gudawa fara kamar ruwan wankin shinkafa, wadda a wajen babba takan kai lita guda cikin awa ɗaya. Tare da ita bakabonet da fotasiyum ke zubewa, don haka mai kwalara yakan iso asibiti jininsa ya riga ya yi tsami. Nomal salin zai cika masa jijiya, amma ba ya mayar da bakabonet ko fotasiyum, kuma yana ƙara nauyi a hannun sikelin da ya riga ya rinjaya. Saboda haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ruwan Ringa a gaba wajen jinyar kwalara. In babu shi a yi da nomal salin, da babu gara ba daɗi. Ruwan gulukos zalla kuwa, wanda jama'a ke so domin wai yana ba da ƙarfi, ba ya cikin lissafi, don ba shi da gishiri ko kaɗan.

Ƙa'idar hukumar ga baligin da ya bushe ƙwarai ita ce mililita 100 ga kowane kilo na nauyinsa cikin awa uku. Magidanci mai kilo 60 lita shida ke nan, watau leda 12. A irin wannan yawa ne bambancin 154 da 109 ke fitowa fili. Kuma leda 12 ba abin da za a bar wa dangi su bi kemis-kemis da tsakar dare suna nema ba ne, domin abin da suka samu shi za su kawo, kowane iri ne.

Mafi yawan masu kwalara ma ba sa bukatar allura in an fara da wuri. Ruwan gishiri da sukari na sha ya ishe su. A 1971, a sansanin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangaladash da ke Indiya, ledojin ruwa suka ƙare wa Dokta Dilip Mahalanabis, ya sa dangi suka riƙa ba majiyyata wannan haɗin da kofi, mace-mace suka faɗo daga kimanin kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4. A nan gida, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya yaɗa shi lungu-lungu sa'ad da yake ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992. Ƙunshin da ake sayarwa yanzu, in aka narkar da shi a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, kulorayid ɗinsa 65 ne, da fotasiyum da maganin tsami a ciki. In babu ƙunshin, a zuba cokalin shayi shida na sukari da rabin cokali na gishiri, a shafe ba a tula ba, cikin lita ɗaya, a riƙa ba shi yana kurɓa har a isa asibiti.

Abin Da Ya Rage A Yi

Nauyi na farko yana kan Ma'aikatar Lafiya ta jiha da ƙananan hukumomi 21. Damina ba ta zuwa ba zato. Kamata ya yi tun kafin watan Yuni a tanadi ruwan Ringa da ƙunshin gishiri da sukari a asibitoci da ɗakunan shan magani, musamman na garuruwan bakin kogi irin su Fufore da Girei da Demsa da Numan, kuma masu sayen kayan su san cewa leda ba leda ba ce kawai. Na biyu, na'urar auna gishirin jini ba kayan alatu ba ce. Asibitin da ke kwantar da masu ciwo mai tsanani yana bukatarta tana aiki dare da rana, da sinadaranta da wutar da za ta tayar da ita, a kan kuɗin da talaka zai iya biya fiye da sau ɗaya, domin gwaji ɗaya ranar kwanciya ba ya nuna inda lamba ta dosa. Sakamakon da ya fito bayan kwana biyu labari ne na abin da ya wuce. Na uku, manyan asibitocin Yola da Jimeta suna da majiyyata da ɗaliban da za su iya tattara nasu alƙaluman, a san yadda kulorayid ke tafiya a jikin mai kwalara da mai zazzaɓin cizon sauro da mai jego da ta zubar da jini a wannan yanki, maimakon dogaro kacokan ga abin da aka auna a Melbon.

Dangin majiyyaci ma suna da rawar takawa, tun da su ke kwana a gefen gado. Idan likita ya rubuta ruwa, a sayo ainihin wanda ya rubuta, kada a karɓi canji a kemis sai an koma an tambaye shi. Kada kowa ya taɓa maƙunnin da ke daidaita ɗigon ruwa don a gama da wuri. A riƙa ƙirga ledojin da suka shiga, a kuma lura da fitsarin da ke fita: baligi mai kilo 60 ya kamata ya fitar da aƙalla kimanin mililita 700 a wuni da kwana, wajen leda ɗaya da rabi ta ruwan sha da ake sayarwa a titi. In fitsari ya ɗauke, ko fuska da ƙafa suka fara kumbura, ko majiyyaci ya shiga haki da tari alhali ruwa na shiga, a kira ma'aikaciyar jinya nan take. Ba rashin kunya ba ne a tambayi likita cikin ladabi ko an duba gishirin jini, da abin da ya nuna. Idan kuma likita ya ce ba a bukatar ƙarin ruwa, a ba shi ya sha da baki, to ba rowa ya yi ba.

Masu kemis da ke bin gidaje da leda da allura su sani cewa dattijo mai hawan jini, da mai raunin zuciya, da mai ciwon ƙoda da bai san yana da shi ba, duk suna iya nutsewa a kan tabarmarsu da leda uku. Gajiya da jiri na lokacin zafi ruwan randa da inuwa suke so. Wanda kuwa ya kai ga bukatar ruwa ta jijiya, ya kai ga bukatar asibiti, inda za a auna abin da ya rasa kafin a mayar masa. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya kawo damina mai albarka.